Daga Ƙasan Teku Zuwa Maƙera: Tarihin Dutsen Tama

Yawancin ƙarfen da ake narkawa a duniya yau, har da rodin gini da layin dogo, daga ƙasan tsohuwar teku ya samo asali.

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da biliyan 4.5. A farkon zamaninta cikinta ya fi na yanzu zafi, kuma iska da teku duk babu oksijin. Ruwan teku kan kutsa ta tsagogin ƙasa har ya kusanci narkakken dutse, ya ɗau zafi, ya jiƙe ƙarfen da ke jikin duwatsu, sa'an nan ya ɓulɓulo sama. Da yake babu abin da zai sa shi tsatsa, sai ƙarfen ya zauna narke cikin ruwa kamar gishiri a miya, yana ta taruwa shekara da shekaru.

Daga baya ƙananan halittu masu rayuwa da hasken rana suka yawaita, wasunsu na fitar da oksijin. Duk inda ƙarfe ya gamu da shi sai ya yi tsatsa ya kwanta a ƙasa. Shimfiɗar ƙarfe ta sauka, ta silika ta biyo baya, har aka sami dutse mai ratsi-ratsi kamar saƙi. Mafi yawansa ya taru ne wajen shekaru biliyan 2.5 da suka wuce, ya kuma ja baya ƙwarai wajen biliyan 1.8.

Ɗan Adam bai ga irin maɓuɓɓugan ruwan zafin nan na ƙasan teku da idonsa ba sai a 1977, lokacin da jirgin nutso Alvin ya sauka mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos. A 1979 kuma aka gano waɗansu a tekun Pasifik, daura da Meziko, suna feso baƙin ruwa mai zafin digiri 350, cike da ma'adinai. Wannan ya ƙarfafa bayanin inda ƙarfen tsohuwar teku ya fito.

Yau tamar wannan dutse mai ratsi-ratsi ana haƙo ta a Hamersley ta Ostareliya, da Carajás ta Birazil, da Zuwerat ta Muritaniya, inda jirgin ƙasa ke jan ta kilomita 700 zuwa bakin teku. Akwai irin dutsen a Maru ta Jihar Zamfara da kuma yankin Birnin Gwari. Tekun yau cike take da oksijin, don haka ba ta ƙara tara irinsa, abin da aka haƙe ya tafi ke nan.