Yadda Ake Adana Ɗanyen Kifi Ba Tare Da Firiji Ba

Kifi yana cikin abincin da ya fi saurin lalacewa. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, kuma da zarar ya mutu sai ƙwayoyin cutar da ke hanjinsa da fatarsa su fara cin tsokarsa. A zafi irin na Nijeriya, kifin da aka kama da asuba yakan fara wari kafin dare. Don haka masunta suka dogara da hanyoyi uku, wato banda da shanya da gishiri, kuma dukansu manufarsu ɗaya ce: raba kifi da ruwan jikinsa kafin ruɓa ta riga su.

Aikin farko shi ne gyara. Ana kankare ɓawon kifi, a farke cikinsa, a cire kayan ciki, a wanke jini da ruwa mai tsabta, sannan a ajiye shi a inuwa. Manyan kifaye irin su giwan ruwa ana yanka su gunduwa-gunduwa domin zafi ya ratsa su. Kifin da ya riga ya fara lalacewa kuwa, babu hayaƙin da zai gyara shi.

Banda ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa. Ana jera kifi a kan raga bisa wuta mai laushi, zafi ya dafa shi ya busar, hayaƙi kuma ya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wanda aka kyafe na 'yan sa'o'i yana da taushi, amma kwana biyu ko uku kawai yake yi. Wanda ya daɗe a wuta har ya bushe ƙarau yakan yi watanni. Irin wannan ne fatake suka daɗe suna ɗauka daga Baga a gaɓar Tafkin Chadi zuwa Maiduguri, daga nan zuwa kasuwannin Onica da Legas.

An kuma inganta murhun banda. Wanda ya fi shahara shi ne murhun Chorkor, da aka ƙirƙiro a Gana a 1969 da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana ɗora farantan raga hawa-hawa a kansa, don haka yana cin itace kaɗan, yana gasa kifi mai yawa. A Nijeriya ma, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja ta yi aiki a kan irin waɗannan murahu.

Shanya ta fi dacewa da ƙananan kifaye, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushe. Shimfiɗa su a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa ya fi zubawa a kan yashi, domin iska na ratsa su ta sama da ƙasa, kuma ba sa kwasar tsakuwa. Gishiri kuwa yana tsotse ruwan tsoka. Akan sa awo ɗaya na gishiri ga awo uku ko huɗu na kifi, a jera su hawa-hawa, daga baya a shanya.

Bayan bushewa ma da sauran aiki. Ƙuda na yin ƙwai a kan kifi mai danshi, ƙwaro na huda busasshe ya mai da shi gari, damina kuma na kawo fumfuna. Maganinsu shi ne ajiya a wuri mai iska, nesa da ƙasa, da sake kyafewa lokaci-lokaci.

Abin da ya wajaba a guje masa shi ne fesa wa kifi maganin ƙwari, lamarin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, da kuma hura wutar banda da taya ko leda ko katako mai fenti. Gubar waɗannan tana zama a jikin kifi, ta bi shi har cikin tukunyar miya.