YADDA MOTA TA KOYI JAN KAYA A CIKIN RAIRAYIN SAHARA

Idan ka taɓa sauka daga kwaltar Katsina zuwa Jibiya ka shiga hanyoyin ƙauyukan Bugaje da rani, ka san abin da yashi ke yi wa mota. Kana taka totur, taya na juyi, ita kuwa motar sai ƙara nutsewa take. To wannan fa jigawa ce kawai. Ka ƙiyasta tudun rairayin da ke gaba da Agadas, ga kuma ƙaramar tirela ɗaure a bayanka ɗauke da tanti da ruwa da mai. Yau za mu duba yadda aka gano dabarar wannan tafiya.

Kafin mota, raƙumi ne sarkin hanya. Ayarin Buzaye ke kai gero Bilma su dawo da gishiri da dabino. Sirrin raƙumi yana tafin ƙafarsa, mai faɗi ne, yana baje nauyi a kan rairayi. Duk abin da injiniyoyi suka yi daga baya kwaikwayon wannan tafin ne.

A watan Disamba 1922 kamfanin Citroën na Faransa ya tura motoci 5 daga Tugurt a Aljeriya, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. A maimakon tayar baya an sa musu sarƙar roba mai faɗi irin ta katafila. A 1924 suka sake fitowa da motoci 8 masu jan tirela, suka ratsa hamada, suka bi ta Yamai da Damagaram zuwa Cadi. Sarƙar ta yi aiki, sai dai ga nawa, ga yawan gyara.

Wanda ya sauƙaƙa lamarin shi ne Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila a Masar. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 yake shiga tudun rairayi da Ford, wadda tayar baya kaɗai ke ja. Abu uku suka fisshe shi: a rage iskar taya don ta baje, a tunkari tudu kai tsaye da gudu daidai ba tare da tsayawa ba, in kuma an kafe a shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya. A 1941 ya fitar da littafi a kan yadda iska ke gina tudu. Gefen da iska ke bugawa ya fi tauri, ɗaya gefen kuwa laushi ne, da gangara mai kusan digiri 34.

Akwai ma labarin da ya biyo ta ƙasarmu. A Disamba 1934 wasu 'yan mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin gefe, suna jan tirela mai tanti. Suka keta Sahara ta Tamanrasat, injin ya lalace kafin Agadas, suka zauna can har aka gyara, sannan suka sauko Kano. Sai a Yuli 1935 suka kai birnin Cape Town.

Mota mai fowil ta yawaita ne bayan yaƙin duniya na biyu: Jeep, sai Land Rover a 1948, daga baya Land Cruiser da Hilux. Amma kada fowil ta ruɗe ka. Tayoyin motarka huɗu suna ja, na tirela kuwa ba sa ja, jan su ake yi. Da zarar sun nutse, sun zame maka birki.

Shi ya sa har gobe darasin Bagnold ake bi. Ka rage iskar taya daga wajen 35 zuwa tsakanin 15 da 18 a ma'aunin PSI, har da ta tirelar, nan ne da yawa ke mantawa. In so samu ne faɗin tayoyin tirela ya zo daidai da na motar, don su bi sawun da aka riga aka danne. Ka sa 4L, ka riƙe giya ɗaya, kada ka canja a tsakiyar hawa. Kada ka bi tudu a karkace, tirela ce za ta fara kifewa ta ja ka. Ka yi sammako, rairayi ya fi tauri da sanyin safiya. In taya ta fara haƙa, ɗaga ƙafa daga totur nan take, ka kwance tirelar, ka sa shebur, ka fitar da motar tukuna. In ka hau kwalta ka mayar da iska, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Kuma kada ka shiga da mota ɗaya. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ka ɗauki ruwa fiye da lissafinka, ka nemi ɗan jagora, sannan ka faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da ranar da za su sa ran ganinka.

Allah ya tsare mana hanya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.