Kwale-kwale a Zamanin Jirgi Mai Inji

Duk wanda ya san Mubi ya san gari ne na duwatsu da kiwo da fatauci, domin kogin Yadzaram da ya ratsa ta, wanda ke gangarowa daga tsaunukan kan iyaka ya nufi arewa wajen tafkin Cadi, ba ya cika ya batse sai da damina, da rani kuwa rairayi ke rinjayar ruwansa. Amma duk da haka, in mutum ya shiga kasuwa ya tarar da bandar tarwaɗa da karfasa jibge a kwanduna, waɗansu daga Binuwai, waɗansu daga madatsar Lagdo ta Kamaru, waɗansu kuma daga Cadi, lalle ya sakankance cewa miyar gidansa tana rataye da wani jirgi wanda watakila bai taɓa shiga ba. Wannan jirgi shi ne kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, wanda a yau ya zama abin raini ga samari tun da jiragen inji suka cika mashigai, alhali kuwa in aka bi asali babu wani abin hawa a ƙasar nan da ya kai shi daɗewa.

Hujjar wannan magana tana nan a ƙasar Yobe. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, daura da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Da masana na Jami'ar Maiduguri da na Jamus suka tono shi a 1994, sai ga jirgi ne sassaƙaƙƙe mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, har aka shaida babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Abin da ya fi ba masana mamaki kuwa shi ne kyawun sassaƙar goshinsa da bayansa, wanda ke nuna cewa ma'abota wannan sana'a sun riga sun ƙware tun kafin zamanin nan mai nisa.

Sa'ad da Bature Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa a 1851, ya biyo ta Uba da Mubi yana nufin Yola wajen Lamiɗo Lawal, a cikin irin waɗannan matsattsun jirage 'yan fito suka ƙetarar da shi Binuwai, a inda kogin Faro ya haɗu da shi. A wannan shekara abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa wani jirgi da suka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus, ya shiga tafkin Cadi da shi a tsakanin Buduma masu jiragen ciyawa. Bayan shekara uku, a 1854, jirgin hayaƙi na Bature Baikie ya hauro Binuwai, daga nan kuma jiragen kamfani suka yi ta zuwa har suka kafa ciniki a Yola, kuma ta ruwan ne mayaƙan Ingila suka zo suka ci garin a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. Kowa ya ga waɗannan manyan jirage a lokacin, da ƙarajinsu da hayaƙinsu, sai ya zaci kwanan kwale-kwale ya ƙare. Sai dai su ba sa iya haurowa Yola da Garwa sai ruwa ya cika da damina, kuma da hanyoyin mota suka samu, yashi ya cike kogi, sai suka ɗauke ƙafa, suka bar masunta da 'yan fito a inda suka same su.

Asirin wannan ɗorewa yana cikin aikin masassaƙi da ilmin matuƙi. Masassaƙi yakan zaɓi maɗaci ko kawo wanda ya miƙe, ya sare shi da gatari, sa'an nan ya zauna da gizago kwana da kwanaki yana rarake cikinsa, yana ƙwanƙwasa gefe yana sauraron amo don ya gane kaurin da ya rage, domin in ya yi kauri jirgi ya yi nauyi, in kuma ya zarce ya huda dukiyar mutane. In jirgi ya tsufa ya tsage, mai shi yakan cusa tsumma a tsagar, ya shafe da kwalta, ya lulluɓe da gwangwani ya buga ƙusa, ya ajiye ƙoƙo a ƙarƙashin ƙafarsa don kwalfe ruwa. Da filafili da gwangwala kaɗai yakan silale cikin ciyawa inda kifi ke kwance, ya jefa birgi ko ya duba gura ba tare da ya firgita kome ba. Da irin wannan ilmi Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi, suka bazu har Binuwai da Cadi, da aka gama madatsar Lagdo a 1982 kuma masunta Hausawa suka kafa zango a bakinta.

Ba na musun falalar jirgi mai inji, domin musunta zalunci ne. Shi ke kai mai naƙuda asibiti a ƙetaren kogi, shi ke kwaso kifi daga tsibirai masu nisa kafin ya lalace, kuma mai jirgin katako da injin Yamaha a bayansa yakan yi tafiyar yini cikin sa'a biyu. Amma tafkin Cadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, ya bar fadamu da ciyayi inda farfelar inji ke sarƙewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, masu inji da yawa suna lissafin kuɗin mai kafin su lissafa kifi. A nan ne ake gane gaskiyar masu iya magana da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Mutanen Argungu sun fahimci haka tun tuni. A bikin kamun kifinsu, wanda aka soma a 1934 domin girmama ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, har yanzu da koma da gora ake shiga kogin Matan Fada, ana kuma tseren kwale-kwale, kuma wannan riƙo da gado shi ya sa hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016. Mu ma a Adamawa mun gaji bikin sun Njuwa na Bwatiye kusa da Yola, wanda ya cancanci irin wannan kulawa.

Malamai sukan karantar da mu a Suratul Kahfi ƙissar jirgin miskinan nan masu aiki a teku, wanda aibin da aka sa masa ya zama sanadin kuɓutarsa daga azzalumin sarki, domin mu san ƙimar abu ba a zahirinsa take ba. Saboda haka mai tsohon kwale-kwale kada ya sunkuyar da kai in jirgin inji ya wuce shi yana watsa masa ruwa. Abin tsoro shi ne manyan maɗatai suna ƙarewa a dazuzzukanmu, masassaƙa suna tsufa ba magada. Haƙƙi ne a kan Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi su tura ɗalibai bakin Binuwai su rubuta wannan ilmi daga bakin masu shi tun suna raye, haƙƙi ne kuma a kan sarakuna da hukuma su sa a dasa maɗaci a madadin kowane wanda aka sare. Allah Ya ba mu ikon yi.