TARIHIN LIYARI, DA GARGAƊI GA MASU SON SAIDA NA GADO

Gaisuwa ga iyayenmu dattawan gari, da ƴan'uwa da ke ci-rani Yamai, Kano, Ikko, Abijan da ƙasar Libiya.

Dalilin wanga rubutu shi ne abin da ya faru garinmu bayan girbi. Wani baƙo ya bi gida-gida shina tambayar tsofaffin kuɗin azurfa, har wasu iyayenmu mata suka saida mishi nasu a kuɗin da bai kai na ƴar akuya ba. Can Abijan kuma wani yaronmu ya zuba tarin guminshi ya sai guda huɗu, don an nuna mishi 1780 a jikinsu an ce Turawa na biyan miliyoyi. Da ya kai ma maƙeri, biyu darma ce aka shafe. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa muka ga ya kamata mu bada tarihin wanga kuɗi.

Liyari, wanda Barebari ke ce ma gursu, kuɗin ƙasar Otiriya ne. Matar da ke jikinshi ita ce sarauniya Mariya Tereza, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. An soma buga kuɗi da kamanninta a 1741. Mijinta ya rasu a 1765, daga nan ta riƙa sa mayafin takaba, shi ne mayafin da kuke gani kanta. A bayan kuɗin akwai gaggafa mai kai biyu. Sunanshi can wajensu taler, kuma daga wagga kalma dalar Amurka ta samo suna.

Da sarauniya ta rasu a 1780, fataken Gabas sun riga sun saba da shi, ba su karɓar wani. Sai masu mulki suka ci gaba da buga shi ba su sake shekarar ba. A 1858 aka daina ciniki da shi cikin Otiriya kanta, amma ba a daina buga shi don ƙasashen Larabawa da Habasha da namu ba. A 1935 Musolini na Italiya ya samu izinin buga shi Roma, lokacin da ya ɗaura yaƙi da Habasha. Ingilishi su ma suka buga nasu London da Bambai ta ƙasar Indiya, aka buga Paris da Burusal. An ƙiyasta abin da aka buga daga 1751 zuwa 2000 ya kai miliyan 389. Har yau gidan buga kuɗi na birnin Biyana bai daina ba, kuma 1780 ɗin nan ce ake sa mishi. Ke nan wanda aka buga zamanin kakannin kakanninmu da wanda aka buga bara, shekara guda ke rubuce jikinsu.

Ƙasarmu ta hanyar ayari ya shigo, daga Tarabulus a biyo Gat, a sauko Abzin, a faɗo Damagaram a wuce Kano. Bature Bart, wanda ya sa ma kanshi suna Abdulkarim, ya ratsa Tasawa farkon 1851, ya isa Kano ya iske ana canjin guda da wuri zambar biyu da ɗari biyar. Ku duba nauyin wuri, ku duba na azurfa guda cikin aljihu, za ku gane abin da ya sa fatake suka so shi. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka kawo tasu azurfar ta tamma biyar mai nauyin giram 25, wadda sunanta na dala ya zauna bakinmu har yau. A 1945 aka kafa kuɗin sefa. Liyari kuwa ya bar kasuwa ya koma wuyan amare da cikin adudun tsofaffi, da yawa kuma maƙeran Abzin suka narke suka yi zobba da mundaye.

To, yaya za a gane na gari?

Na farko awo. Sabon liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya kaɗan, faɗinshi wajen santimita 4. Wanda ya sha hannu shina iya raguwa kaɗan, amma in sikelin maƙeri ya nuna 24 ko 25, a yi hattara.

Na biyu amo. A ɗora shi bisa kan yatsa a ƙwanƙwasa da wani ƙarfe a hankali. Azurfa tana kuka mai tsawo, darma kuwa ƙwas take yi ta yi shiru.

Na uku maganaɗisu. Ba shi kama azurfa. In ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba kada a yi murna tukuna, don ba shi kama darma da farin ƙarfe irin na tagulla.

Na huɗu baki. Na gari shina da rubutu da ado kewaye da bakinshi. Na zubi rubutun a dushe yake, sau da yawa ana ganin layin gami, fuskar kuma da ƙananan ramuka kamar zanzana.

Bayan an tabbata na gari ne, sai maganar daraja. Fataken dā ɗigon da ke kan abin maƙale rigar sarauniya a kafaɗa suke dubawa. In sun goge, sai su rage kuɗi ko su ƙi karɓa. Masu tara tsofaffin kuɗi na yau ma gugar suke dubawa. Faransawa na rubuta B ga wanda ya goge ƙwarai, sannan TB, TTB, SUP, har FDC ga wanda bai taɓa shiga hannu ba. Amurka lamba suke sawa, daga 1 zuwa 70. Wanda aka huda ko aka liƙa ma kunne don rataya, wajensu darajarshi ta faɗi. Haka wanda aka goge da toka ko lemun tsami. Saboda haka kada a wanke; baƙin da ke jikinshi ba aibi ba ne.

Mafi yawan namu darajarsu ta azurfarsu ce. Cikin kashi 1000 na liyari, 833 azurfa ce, saura jan ƙarfe, wato kowane guda na da azurfa tsantsa giram 23 da ƴan kai. Mai son saidawa shi tambayi kuɗin giram ɗin azurfa na ranar, shi ninka sau 23, shi san inda ciniki zai tashi. Wanda za a ajiye gefe shi ne mai shekarar da ba ta kai 1780 ba, musamman in sarauniya ba ta da mayafi. Irin wanga ba shi da yawa, kada a bari a narke shi, kada kuma a saida shi ƙofar gida.

Shawarar ƙungiya ga kowa ita ce, a nuna ma maƙera biyu ko uku kafin a sallama, a yi ciniki gaban shaidu, kuma kada a bari mai saye shi tafi da kaya da sunan za shi gwadawa. Wanda aka yi ma tayin saye da araha can ci-rani, shi tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. In kuma na gado ne, hakkin magada duka ne. Ɗa guda ba shi da ikon saida shi don shi ne kusa da tsohuwa.

Muna roƙon iyayenmu mata da ke da sauran nasu su faɗa ma jikoki wanda ya kawo shi gidan, da auren da aka sa shi. Sakataren ƙungiya zai bi gidaje lokacin salla shi rubuta, ga wanda ya yarda.

Allah shi bar zumunci, shi maido matafiya gida lafiya. Wassalam.