Usain Bolt: Yaron Sherwood Content da Malamansa

Da an bar Usain Bolt da son ransa, da ɗan wasan kurket zai zama, ba ɗan tsere ba.

An haife shi ranar 21 ga Agusta, 1986, a Sherwood Content, wani ƙauye a yankin Trelawny na ƙasar Jamaika, yankin da ya yi suna wajen noman doya. Mahaifinsa Wellesley da mahaifiyarsa Jennifer ɗan kantin kayan masarufi suke da shi a ƙauyen. Shi kuwa Usain kullum yana kan titi tare da ɗan'uwansa, in ba kurket ba, to ƙwallo. A firamaren Waldensia ya fara gudu a gasa, kuma yana da shekara 12 babu yaron da ke kamo shi a mita 100 a duk makarantar.

Da ya shiga sakandaren William Knibb, mai koyar da kurket ne ya lura da saurin ƙafarsa, ya ce ya gwada tsere. A ganina wannan malami ya cancanci yabo na musamman, domin ya saki yaron da zai amfani ƙungiyarsa saboda ya hango inda baiwarsa take. Sai Pablo McNeil ya karɓe shi, tsohon ɗan tseren da ya wakilci Jamaika a gasar Olamfik. McNeil ya sha fama: yaro ga tsayi ga sauri, amma ga ƙiriniya da zille wa atisaye.

Jamaika tana da gasar makarantun sakandare da ake kira Champs, wadda aka fara tun 1910, kuma har yau babban filin wasa na Kingston cika yake yi don kallon 'yan makaranta. A nan Bolt ya samu lambar azurfa a 2001, da daƙiƙa 22.04 a mita 200.

Shekara guda bayan haka aka kawo gasar matasa ta duniya Kingston. Fargabar gudu a gaban mutanen gida ta sa har takalmansa ya saka a juye, na dama a hagu. Ya gyara, ya fito, ya cinye zinaren mita 200 cikin daƙiƙa 20.61, yana ɗan shekara 15.

Duk wanda ke maganar daƙiƙa 9.58 ɗin da ya yi a mita 100 a Berlin a 2009, ya tuna cewa malaman makaranta ne suka fara gano shi, suka kuma jure halinsa.