Furar Tsakar Rana: Tarihin Hutun da Ake Yi Tare

A ofisoshi da dama na Kano a yau, ma'aikacin da ya bar kujerarsa ya tsaya hirar minti goma da abokin aiki, kallon malalaci ake yi masa. Wanda ya ci abincinsa shi kaɗai a gaban kwamfuta, shi ne haziƙi. Wannan ma'auni baƙo ne a ƙasar nan. Manoman yammacin Kano, daga Gammo ta ƙaramar hukumar Kabo har zuwa Gwarzo, sun daɗe da sanin cewa yinin aiki yana da gaɓoɓi, kuma a gaɓar hutu ba a warewa.

Akwai rubutacciyar shaida daga wannan shiyya. Baba ta Karo, wadda ta tashi a Karo kusa da Zarewa, kudu da Gwarzo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ta bayyana yadda bayin rinjin gidansu suke yini: da sassafe kowa na gayaunarsa, da hantsi a haɗu a gonar gandu, da tsakar rana a kai musu abinci gona, da azahar a tashi. Kada mu ƙawata abin: bauta ce, kuma mai gandu ba don tausayi kaɗai yake ciyarwa ba, lissafi ne. Amma lissafin ne abin lura. Mutumin da ba ya biyan lada, wanda yake da ikon tilastawa, shi ma ya gane cewa fartanya ba ta yini a hannu, kuma taron da aka ciyar tare ya fi komawa kunya da ƙarfi.

A gayya ne abin ya fi fitowa fili. Mai gona ya gayyaci samarin gari, ya tanadi fura da tuwo da goro, makaɗa suna biye da manoma da gangar noma suna zuga su. Idan rana ta take, sai a koma inuwar ɗorawa ko tsamiya, a zagaye ƙwarya. A wannan zama ake jin gonar wa wuta-wuta ta kama, wane iri ne ya jure fari bara, nawa aka sayar da kwanon dawa ranar kasuwa. A nan ake tsayar da gonar da za a shiga gobe. Saurayin da ya fara riƙe garma yakan ji gyaran dattijo cikin raha, ba cikin faɗa ba, kuma mutum biyu da ke gaba kan iyakar gona sukan sha da ludayi ɗaya ko suna so ko ba sa so. A ganina wannan zama shi ne majalisar gudanarwar aikin, sai dai babu mai rubuta bayanin taro.

Tilas a tuna da waɗanda hutun bai shafa ba. Matan da suka yi surfe da daka tun asuba, da 'yan matan da suka naɗa gammo suka ɗauko ƙwarya a tsakiyar rana, lokacin hutun maza shi ne ganiyar aikinsu.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗi suka shiga noma, sannu a hankali ƙwadago ya riƙa cin gurbin gayya. Wanda aka yi jinga da shi burinsa ya gama ya wuce wata gonar, kowane zama asara ne gare shi.

Abin ban sha'awa, masu bincike a Amurka sun dawo kan abin da aka saki. Alex Pentland na jami'ar MIT da abokan aikinsa sun lura da wata cibiyar amsa kiran waya ta banki, inda kowane ma'aikaci ke fita hutu a lokacinsa daban. Suka ba da shawarar a riƙa sakin kowane rukuni tare. A rahoton da ya wallafa a 2012, matsakaicin lokacin warware kira ya ragu da kashi 8 cikin 100, a rukunan da suka fi rauni kuwa da fiye da kashi 20. Ba tsawon hutun aka ƙara ba. Mutanen ne suka samu damar faɗa wa juna dabarun da ba su cikin littafin horo.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta 1974 ta tanadi hutun da bai gaza awa ɗaya ba ga wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini, amma ba ta ce a yi shi tare ba. Abin da ya rage mana na hutun haɗin gwiwa shi ne sallar azahar: layin alwala, da 'yar tsayuwar ƙofar masallaci, inda masinja ke iya tare darakta ya gaya masa abin da ba zai taɓa isa gare shi ta takarda ba. Ko ita ma na ga wuraren da aka fara raba ma'aikata rukuni-rukuni don kada teburi ya zauna babu kowa.