Daga HSC zuwa IJMB: yadda magabatanmu suka riƙa tsallake aji ɗaya a jami'a

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman masu ƙanne a gida suna jiran admishan.

Hutun nan da na dawo Jikwoyi, na tarar da ƙanwata ta shiga shekara ta biyu tana zaman jiran JAMB. Idan ka bi titin Nyanya zuwa Karshi, allunan talla ko'ina: shiga aji biyu kai tsaye, ba sai da JAMB ba. Mama ta ce in bincika kafin a fitar da kuɗi. Da na kai wa kawuna maganar, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai mu tun muna sakandare muka gama karatun aji ɗayan jami'a." Wallahi na ɗauka zolaya ce, ashe tarihi ne.

A tsarin da muka gada daga Ingila, sakandare shekara 5 ce. Wanda ya ci da kyau sai ya ƙara shekara 2 a aji shida, ya zaɓi darasi uku, ya zana jarrabawar HSC. Da ita yake shiga jami'a ya yi digiri cikin shekara 3. Wato abin da muke yi a aji ɗaya yau, su a sakandare suke gama shi, da yunifom ɗinsu. Amurka ma tana da irinsa: tun 1955 hukumar College Board ke gudanar da shirin AP, ɗan sakandare ya ci jarrabawa, jami'a ta yafe masa kwas ɗin.

To matsalar Arewa ita ce, makarantun da ke da aji shida, irin su Barewa da Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ba su da yawa. Da aka buɗe ABU Zariya a 1962, gurbi yana nan amma 'yan Arewa masu HSC sun yi kaɗan. Shi ya sa jami'ar ta buɗe makarantar share fage, wato SBS, jihohi ma suka kafa nasu, kamar CAS ta Kano. Makarantun suka yi yawa, dole a samu jarrabawa ɗaya da za a auna kowa da ita. A 1976 aka kafa IJMB ƙarƙashin ABU. Ku lura, ta girmi JAMB, wadda aka kafa a 1978. Abin dariya, harafin farko na sunanta yana nufin “wucin gadi”, ga shi ta doshi shekara 50.

Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, sakandare ta koma shekara 6, digiri ya koma 4, aji shida ya ɓace daga makarantun gwamnati. Amma ƙofar ba ta rufe ba. IJMB ta ci gaba, sannan a 2014 wasu jami'o'i ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas suka kafa JUPEB. Bambancin shi ne, abin da kawuna ya yi a cikin makarantarsa, yau sai ka gama sakandare ka biya kuɗi ka yi shi a waje. A nan 'yan damfara suka samu ƙofa. Wani yaro a layinmu ya yi kusan shekara a wata cibiya, ranar jarrabawa ya ga babu sunansa, ashe ba a taɓa yi masa rajista ba.

Don haka ga abin da na faɗa wa Mama. Na ɗaya, maganar “ba sai da JAMB ba” rabin gaskiya ce: ba za ka zana UTME ba, amma dole ka sayi fom ɗin DE na JAMB. Na biyu, sai kana da kiredit biyar, har da Turanci. Na uku, ka tabbatar ABU ta san da cibiyar, kuma jami'ar da kake so tana karɓar IJMB a kwas ɗinka. Na huɗu, karatun shekara 2 ne aka matse cikin ƙasa da shekara ɗaya, malalaci ba zai kai labari ba.

Ƙanwata dai ta ce za ta gwada, amma sai mun je makarantar da ƙafarmu mun gani. Waɗanda suka shigo ta DE, don Allah ku gaya mana yadda kuka tarar da aji biyu. Allah ya ba ƙannenmu sa'a, amin.